Ruwan Sadaka da Barkonon Kaka

Kakana, mahaifin Baba, ya rasu ranar kasuwar Dungas da hantsi, a farkon sanyi, bayan an gama zuba gero a rumbu. Bai yi doguwar jinya ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Ni aka ba aikin zagayawa da ruwan sha a cikin gida, wurin mata, don haka na ji abin da kowa ya faɗa. Yawanci maganar ɗaya ce: mutumin kirki ne, mai haƙuri ne, ba ya shiga sabgar kowa. Gaskiya ne, amma da wani tsohon ne ya rasu a unguwarmu, haka za a ce. Mutum uku kawai na ji sun faɗi abin da ya yi kama da shi. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a bakin zaure, ta zauna a ƙasa ta ce, "Yanzu wa zai riƙa tsare ni da tambaya ko kashin shanun ya tsufa?" Wasu matan suka rufe baki da mayafi. Maƙwabciyarmu, wadda kajinta suka sha jifa a hannunsa, ta ce, "Allah ya jiƙansa, na yafe masa kazata mai ɗingishi." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ƙanwarsa kuwa, tsohuwar da muke kira Iya, ba ta yi kuka ba. Ta dubi takalmansa na roba da ke ƙofar ɗaki, da busasshiyar laka a jikinsu, ta ce kada kowa ya wanke su tukuna.

Ni kuwa ba na iya magana a cikin mutane. Ko a lakwal, wato makaranta, sai mushe, malaminmu, ya kira ni sau biyu kafin muryata ta fito. Shi ya sa nake rubuta wannan, don kada Kaka ya zama "mutumin kirki" kawai, a ajiye shi tare da sauran.

Babu wanda ya ambaci tukwanensa. A bayan ɗakin Kaka, inda rana ke sauka da safe, akwai tsofaffin tukwane biyar da suka daina aikin girki. Ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa, kowacce tana ɗauke da ƙananan tsiron barkono da ba su wuce tsawon yatsa ba. Ba barkonon kasuwa ba ne. Irin mahaifiyarsa ne, wanda ta zo da shi daga ƙauyensu a ƙasar Sassumbrum, gajere, mai ƙamshin da ke riga yajinsa isa hanci. Kowace shekara yana zaɓar ƴaƴan da suka fi kyau ya shanya, ya adana irin a cikin ƴar gora. Da daminar bana awaki suka fasa darni suka cinye shukar kafin ƴaƴan su nuna. Abin da ya rage a gora bai cika tafin hannu ba, kuma a haka ya raba biyu ya ba wata baƙuwa da ta tare a unguwarmu, don ta ce tana sha'awar shuka. Kaji suka tone nata a yini guda. Sauran ya shuka duka. Ya kife gorar a gabana, ya buga gindinta, ya ce, "Kin gani, Malama Shiru? Babu na baya."

Malama Shiru yake kirana. Kuma ni kaɗai na san cewa in tsiron nan suka mutu, barkonon ya ƙare ke nan a duniya.

Goggo, babbar ƴarsa, tana aure a Bande. Wayarta ba ta shiga ba sai da rana ta take. Ta hau kabu-kabu, moton haya mai ƙafa biyu, ta taho, ta tarar maza sun riga sun dawo daga maƙabarta. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓi gaisuwa da ido a bushe, ta ɗauki buta ta zagaya bayan ɗakinsa don yin alwala, ni kuma ina biye da ita da tabarmar salla. Da ta ga tukwanen sai ta tsaya cak. Ta daɗe a tsaye. Bayan ta yi alwala ta juye ragowar ruwan a tukunyar farko, ta bakin lungu. Ta koma randa ta ciko butar, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ta fito tsakar gida ta ce wa matan, "Shukarsa ce ta ƙarshe. Duk wadda ta yi alwala ta zuba musu ragowar. Shayar da mai rai sadaka ce, Allah ya kai masa ladan."

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, amma hankalina na kan tukwanen. Jiya da yamma Kaka ya ba su ruwa da hannunsa, kuma da sanyi ƙasa ba ta saurin bushewa. Na dubi matan da suka cika gidan, na tuna salla biyar ce a yini, kowace mace da butarta.

Ina ƴar firamare Kaka ya fara jana bayan ɗakinsa. Ba don na fi sauran jikoki wayo ba. Ya ce sauran surutunsu na hana shi jin abin da ƙasa ke faɗi. Ranar farko ya ba ni ƙwayoyin iri, na tona rami da yatsa har ya nutse, na jefa su. Ya riƙe mini hannu.

"Ke, iri ba gawa ba ne. Kada ki haƙa masa kabari."

Ya fasa ƙwayar wake da haƙori ya nuna mini. Ya ce kowane iri da guzurinsa a cikinsa, ɗan kaɗan, daidai wanda zai kai shi ga haske. In aka binne shi da zurfi, guzurin zai ƙare a hanya, ya mutu bai ga rana ba. Ƙaramin iri kamar barkono, barbaɗa masa ƙasa kawai ake yi a danna da tafin hannu. Da suka tsiro na ruga na ce masa sun yi ganye biyu-biyu. Ya ce, "Waɗannan kunnuwa ne, sun fito su ji labari. Ganyen gaskiya na tafe." Haka kuwa aka yi, na biyun da suka fito kamarsu daban.

Kowace safiya yana juya tukwanen, gaba ya koma baya. Tsiron na karkata wajen rana, ya ce gaisuwa suke kai mata, in ba a juya su ba za su yi doro irin nasa. Ba ya zuba ruwa da buta ko da moɗa. Gwangwanin tumatir ne da shi, ya huhhuda gindinsa da ƙusa, ruwan na sauka kamar yayyafi, kuma a gindin shuka yake zubawa, ba a kan ganye ba. Taki kuwa, sai wanda ya shekara ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin shanu, in ji shi, wuta ne, yana ƙona saiwa. Shi ya sa yake tsare Bafulatanar nan da tambaya, ita kuma ta ce masa, "Baffa, ni nono nake sayarwa, ban riƙe wa shanu ranar haihuwar kashinsu ba."

Shekarar da na shiga kwalej, mushen siyans, malamin kimiyya, ya koya mana cewa ganye ne ke haɗa wa shuka abinci, da hasken rana da iska da ruwan da saiwa ta jawo. Na dawo na faɗa wa Kaka a hankali, ina tsoron ya ce shirme ne. Ya ajiye gwangwaninsa.

"Sake faɗi."

Na sake.

"Ashe ganye ne madafi? Ni duk zamana na ɗauka ƙasa suke ci." Ya dubi tukwanen. "To, haka ne. Saiwa ce mai ɗebo ruwa, ganye ne mai girki, rana ce itacen wuta. Shi ya sa wanda ke inuwa yake tsawo ya yi fari, yunwa ce ke miƙa shi." A yammar nan ya sa ƙanina ya sare reshen da ke tare wa tukwanen ranar safe. Ya ce in gaishe masa da mushenmu. Na amsa, amma da na tsaya gaban mushe sai na tambaye shi ko in goge allo.

Akwai kuma ranar da ya tsorata ni. Na ga rana ta yi zafi, na ba tsiro ruwa sau uku don tausayi. Bai yi faɗa ba. Ya tsoma rawaninsa a bokiti, ya ce in rufe ido, ya shimfiɗa mini jiƙaƙƙen ƙyallen a fuska.

"Yi numfashi."

Na ja, ƙyallen ya manne mini a hanci. Na fizge shi ina haki.

"To, haka saiwa take ji. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƴan ƙofofi, ta nan take shan iska. In kika cika su da ruwa kullum, kin shaƙe ta. Fari na kashe shuka a fili kowa na gani, amma tausayi a ɓoye yake kashewa."

Faɗansa da Goggo a bazarar bana aka yi shi, a kan idona. Pampon unguwarmu ya lalace, muna zuwa can bayan kasuwa mu bi layi, mu ɗauko bido, wato jarkar ruwa, a ka. Goggo ta zo ganin gida ta tarar da shi yana shayar da barkonon bara.

"Baba, yara na karya wuya a layin pampo, kai kana ba ciyawa ruwa?"

Kaka bai taɓa kiran sunanta ba, don ƴar fari ce, kuma ba ya duban idonta in yana magana. Sai ya dubi shukar ya ce, "Kun ji, ta Bande ta zo da hukunci."

"Ni ba wasa nake ba. Dubi wuyan yarinyar nan. Barkono nawa ne a kasuwa? Tsufa ne ko rigima?"

"Wanda bai shuka ba, komai ciyawa ne a wurinsa."

Ta fizge gwangwanin daga hannunsa ta wurga shi bayan katanga. Kaka ya dubi hannunsa da ba komai, ya ce, "Allah ya kai ki gida lafiya." Ba ta ce za ta tafi ba tukuna. Ta ɗauki jakarta ta fita, tuwo na kan wuta.

Ba ta san cewa ruwan da yake zubawa na alwalarsa ne da yake tarawa a tasa, da na wankin gero ba. Amma ita ma ba ƙarya ta yi ba, wuyana na ciwo a lokacin. Damina ta zo da aikin gona, salla ta wuce, ba ta dawo ba, shi ma bai aika ba. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Don haka na san abin da Goggo ke zubawa a tukwanen nan. Ba ruwa kaɗai ba ne.

Washegarin rasuwar, ƙasar tukwanen ta yi baƙi tana ƙyalli. Zuwa yamma ruwa ya daina shigewa, yana kwanciya a sama. Mata daga ƙauyuka suna ta zuwa, kowacce aka faɗa mata, ta je ta zuba nata da bisimilla, wasu har da hawaye. Wata tsohuwa da ba ta iya tafiya sosai ta sa aka riƙe ta har wurin, don kada ladan ya wuce ta. Ina tsaye da moɗa a hannu ina kallo.

Na sami Inna, mahaifiyata, a madafi ita kaɗai, na raɗa mata cewa ruwan ya yi yawa.

"Rufe mini baki," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Matar da ba ta samu ganin gawar ubanta ba za ki ce ta daina yi masa sadaka? Ni matar ƙaninta ce, ba ni da bakin wannan magana, bare ke."

Baba yana waje cikin maza, ba wurin da zan je ba ne. Sai na nemo ƙusa. Lokacin da mata ke cin abinci na zagaya, na ɗaga tukwanen na buɗe hujin gindinsu da laka ta toshe. Ruwa ya tsiyaye, na ɗan ji sanyi a raina. Da la'asar Goggo ta ga ƙasan wurin ya jiƙe, ta ce ashe tukwanen yoyo suke, sadakar mutane na zubewa a banza. Ta sa aka kawo tsofaffin tasoshi, aka zaunar da kowace tukunya a ciki.

Daga nan abin ya yi sauri. Ganyen ƙasa suka fara rawaya. Wani kore-kore ya rufe fuskar ƙasar, ƴan ƙananan ƙudaje na tashi in an matso. Sannan tsiron suka sunkuyar da kai, suka yi yaushi.

"Kun gani?" in ji Goggo. "Ƙishi suke ji. Sun saba da hannunsa." Ta aiki yara su ƙaro bido biyu.

Na buɗe baki a bayanta. Ta juyo ta ce, "Mene ne, ɗiyata?" Na ce, "Ba komai." Na koma ɗaki na ciji bakin mayafina.

Safiyar sadakar uku, tsiron tukunyar bakin lungu suka kwanta gaba ɗaya. Ita ce ta farko da ake tararwa, ita ta fi shan ruwa. Na duƙa na duba. Daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi baƙi, kamar an murje shi da farce. Matan suka taru suna salati. Wata ta ce, "Allahu akbar, har tsiro ya san mai shi ya tafi." Aka sake sabon kuka. Goggo ta durƙusa tana tayar da su da yatsa, suna komawa. Ta miƙa hannu ta ɗauki buta.

Saura huɗu, ta biyun ma ta fara kwantawa.

Da azahar na jira har mata suka tayar da salla. Na zagaya, na ciccibi tukunya ta uku na ajiye gefe, na ɗauki tasar na nufi magudanar ruwa. Na zubar da ruwan tasa ɗaya. Ina cikin zubar da ta gaba na ji muryar Goggo.

"Ke! Me kike yi?"

Ashe ba ta bi sahu ba, ta dawo sabunta alwala. Tasar na hannuna, ruwan na bin ƙafata.

"Sadakar mutane kike zubarwa a kwata? Ke ce kike zuwa kina taɓa su ashe? Shi ya sa suke mutuwa!"

Kafin in ajiye tasar, waɗanda suka sallame sun fara zagayowa. Inna ta kutso tana cewa, "Yaya, yi haƙuri, yarinya ce, ba ta da hankali."

"Yarinya? Wannan da ake cewa ita ce ƴar gaban goshinsa? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, tana tare masa lada. Yi magana mana! Ko a nan ma kurma ce ke?"

Idanu sun fi ashirin a kaina. Na san in na yi shiru, za a mayar da tasoshin a cika su, kuma gobe babu abin da zai rage. Maganar ta ƙi fita. Sai na duƙa na kama ɗaya daga cikin tsiron da suka kwanta na ja. Ya fito ba gardama, kamar ba a shuke yake ba. Na miƙa mata shi a tafin hannu.

"Sun ƙoshi, Goggo."

Wata ta yi dariya a baya, aka harare ta.

"Me kika ce?"

"Saiwar ta ruɓe. Ba ta samun iska."

Iya ta matso da sandarta, mata suka ba ta hanya. Ta karɓi tsiron ta kai kusa da ido, sannan ta kai hanci. Ta yamutsa fuska.

"Warin kwata," ta ce. Ta dube ni. "Mai lafiya yaya take?"

Na je tukunyar ƙarshe, ta can ƙurya, wadda butoci ba su cika kaiwa gare ta ba. Na tona gefe da tsinke a hankali har saiwa ta bayyana, fara kamar zaren auduga, da ƴan gashi a jikinta. Iya ta riƙe ruɓaɓɓiyar kusa da ita. Ɗaya fara, ɗaya ruwan ƙasa mai santsi.

Goggo ba ta sauko ba. "To in ba ƙishi ba, me ya sa suka yi yaushi? Ni ma manomiya ce, na san shukar da ke son ruwa."

Gaskiyarta, a gonar gero ta tashi, inda rairayi ke shanye komai, kuma ba a taɓa kuka da yawan ruwa. Na ce, ina kallon ƙafafunta, "Saiwar da ta ruɓe ba ta iya sha. Suna cikin ruwa, kuma suna jin ƙishi. In an ƙara, sauran saiwar ke mutuwa."

Butar na hannun Goggo, ruwa na ɗiga daga bakinta.

"Wato ni na kashe su."

"Ke da mu duka," in ji Iya. "Ni ma na zuba, har sau nawa. Ko baƙo ne, in ya ƙoshi ba a ɗura masa." Ta juya ga matan ta nuna itacen dogon yaro da ke tsakar gida da sandarta. "Mai neman lada ga wancan, shi ma shi ya dasa shi. Ko rijiya kuka juye masa zai shanye."

Goggo ta ajiye butar a ƙasa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Akwai abin da za a yi?"

Na ce akwai, amma ban san ko zai yi ba.

Ita ta tankaɗe rairayi da hannunta. Muka haɗa shi da busasshiyar ƙasa da tsohon takin da Kaka ya bari a buhu. Na riƙa ɗago tsiron da cokali, kowanne da ƴar ƙasarsa don kada saiwar ta tsinke, ina ware masu farin gindi, ita tana dasawa inda na nuna. Hannunta ya fi nawa ƙarfi, sai na riƙa cewa, "A hankali, Goggo," ita kuma tana sassautawa. Na tukunya biyu babu wanda ya tsira. Daga sauran ukun muka sami abin da ya cika tukunya biyu. Muka ɗora su a kan duwatsu don gindin ya sha iska, muka kara musu zana, su huta daga ranar tsaka kafin su farfaɗo.

Sai jira, kuma shi ya fi wuya. Goggo ta kawo kujera ƴar tsugunno ta zauna a bakin lungu da carbinta. Duk wadda ta zagayo da buta sai ta ce, "Can, wajen dogon yaro." Baƙin da ba su san abin da ya faru ba suka riƙa mamaki, wasu suka ji haushi. Tsiron kuwa ba su tashi nan da nan ba, har wasu suka ƙara mutuwa. Duk wanda ya faɗi, sai ta dube ni, ni kuma in dubi ƙasa.

"Yanzu fa? Dubi saman ya bushe."

Na nuna mata yadda ake tambayar ƙasa: a soka yatsa har gaɓa ta biyu, in ya fito da sanyi da ƙasa a manne, a bari. Ta soka, ta ce da sanyi. Ba a jima ba ta sake sokawa. Iya ta leƙo ta ce, "Ke, za ki mai da tukunyar rariya." Ranar ce na fara ganin haƙoran Goggo tun da ta zo.

Ana gobe sadakar bakwai, da safe, na ga ɗan sabon ganye a tsakiyar wani tsiro, bai kai kunnen ɓera ba. Na duba na kusa da shi, shi ma haka. Na kira ta. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, ta sa hannayenta a bayanta kamar mai tsoron kada su yi wani abu ba da saninta ba.

Ranar da za ta koma Bande, mai kabu-kabu na jira a ƙofar gida, ta zagayo ta yi wa tukwanen kallon ƙarshe. Akwai maganar da nake riƙe da ita, ina ta juya ta ko in faɗa ko in bari. Ranar da muka yi shukar, Kaka ya ƙwanƙwasa wata tukunya da yatsa ya ce, "Wannan ta waccan ce, ta Bande. In sun yi ƙwari ki ba mai kabu-kabu ya kai mata. Kada ki ce ni na ce." Na tambaye shi to wa zan ce. Ya ce, "Ki ce tukunyar ce ta ga dama."

Na faɗa mata, kalma bayan kalma, yadda ya faɗa.

Ta dafa bango. "Ni?"

"Ke, Goggo."

"Wacce ce a ciki?"

Kafin in amsa, idona ya riga ya tafi. Tukunyar bakin lungu tana kife a gefe, babu komai a cikinta. Ta bi idona da kallo.

"Wannan ce ko?"

Na ɗaga kai.

Ta zauna a ƙasa da kayan tafiyarta, ta jawo tukunyar ta ɗora a cinya. Kukan da ba ta yi ba tun zuwanta ya zo, amma da dariya a cikinsa. "Kai, Baba," ta ce. "Ko a wannan ma sai da muka yi faɗa."

Mai kabu-kabu ya yi ta danna oda. Ba ta kula shi ba. Ta wanke tukunyar, ta shanya ta a rana, ta cika ta da sabuwar ƙasa, ta ce in zaɓar mata uku, kada in ba ta masu kyaun. Na ba ta masu kyaun. Ta hau bayan moto da tukunyar a ƙirji, ta ce wa yaron in ya faɗa rami ɗaya da ita, sai ya gane ita ƴar wane ce.

Namu sun fara fure a makon nan, farare ƙanana masu kallon ƙasa. Iri bai samu ba tukuna. Sai ƴaƴan sun fito, sun nuna ja a jikin uwarsu, an tsinke an shanya, kafin gorar ta sake jin nauyi. Har zuwa lokacin ban saki jiki ba, kullum sai na duba darni saboda awaki.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a gidan rahama. Duk wanda wannan ya isa gare shi, ina roƙon ya sa shi a addu'a, safe da yamma, iya yadda ya so, don ita addu'a ba ta yin yawa. Ruwa kuwa a bar mini.